Daga Gurmin Haruna Uji Zuwa Gasar Ɗan Gurmu

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, maganar tsirkiya ce. Mai gajen haƙuri ya wuce abinsa, don rubutun da ɗan tsawo.

A ƙasar Sifen akwai wani gari, Benikasim, inda tun 1967 ake gasar kaɗa jita da sunan Francisco Tárrega. Irin jitar nan ce ta katako wadda ba a jona mata lantarki, mutum ya zauna a kujera shi kaɗai ya kaɗa da yatsu, alƙalai na saurare. A Alessandria ta Italiya suna da tasu tun 1968. A Amurka kuwa wata ƙungiyar masu jita ta fara tata a 1982, kuma wanda ya zo na ɗaya, bayan kuɗi, ana shirya masa zagayen wasa gari-gari, a kuma buga masa faifai. Suna da rukunin yara daban. Wato matashi yana ɗan shekara ashirin an riga an buɗe masa ƙofa.

To mu fa? Mu ma muna da namu kayan tsirkiya: garaya ta maharba, molo, goge, kukuma, kuntigi, da gurmi. Kuma mu 'yan ƙasar Haɗeja ba mu da bakin cewa ba mu san gurmi ba, tunda Haruna Uji namu ne. Wanda ya tashi a Kaugama zamanin kaset ya san yadda waƙar Jummai take fita daga shagon mai shayi da motar haya. Amma a tambaya: wace gasa Haruna Uji ya ci kafin a san shi? Ba ta wannan hanyar ake fitowa a wurinmu ba.

Tsarinmu daban ne, kuma ni ban raina shi ba. Yaro yana bin maigidansa, yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana satar hannu da ido. Ranar da ya isa, dandali ne alƙalinsa. Bayan kaka, an cire gero an kaɗe riɗi, kuɗi ya shigo hannun samari, sai wasa ya tashi. In hannunka na da daɗi za a yi maka kari, in babu a watse a bar ka da sauro, kuma kowa ya san sauron fadama ba ya wasa. Kyautar babba kuma daga ubangida take zuwa: riga, keke, doki, in an dace mota ko kujerar Makka. Wannan ita ce lambar yabon, kuma tana zuwa ne tun mutum na da ƙuruciyarsa.

Lambar gwamnati sai daga baya ta shigo, ita kuwa ba ta san yaro ba. Mamman Shata ya samu MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, amma lokacin duniya ta gama saninsa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya zaga ƙasashe da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, shi ma sai da ya yi suna aka rataya masa lambobi. Sun cancanta, wallahi. Sai dai wannan godiya ce ga wanda ya riga ya iso. Ko FESTAC ta 1977, da duk kuɗin da aka zuba mata, baje koli ce ta wata guda, aka tashi kowa ya kama gabansa.

Maƙwabtanmu na Nijar su suka gwada wani abu. A 1987 suka kafa gasar kiɗa ta ƙasa da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa. Matasa masu jita da ganguna suka riƙa fitowa daga jihohi suna karawa, ana tura su su nemo sautin gida su zuba a kayan zamani. Ba a daɗe ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai. A can Malam Maman Barka ya yi aiki, malamin makaranta kuma gwanin gurmi. Shi ne ya tafi bakin Tafkin Chadi wajen tsoho Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da ya rage saura ƙiris ya ɓace. Ya rasu a 2018, amma ya bar biram a faifai.

Abin da ke damuna shi ne, a wajenmu tsohon tsarin ya sassauta, sabo kuma bai zo ba. Biki yanzu na mai kwamfuta da lasifika ne. Mai kuɗi ya fi son a shiga situdiyo a yi masa waƙa da fiyano cikin kwana biyu. Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin tsirkiya, a gida ana ce masa zai zama maroƙi, a waje babu dandalin da zai gwada kansa. Ku lissafa min masu gurmi 'yan ƙasa da shekara talatin da kuka sani daga Kaugama zuwa Malam Madori zuwa Auyo. Ina jira.

Kuma kada wani ya ce ba mu iya shirya gasa ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa tana tafiya tun 1986, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata marubuta da da ba a san su ba. Tsanin muna da shi, mun san yadda ake kafa shi.

Jigawa ta samu jiha tun 1991. Ni a ganina gasa ɗaya a shekara a Haɗeja, bayan kaka, ta 'yan ƙasa da shekara ashirin da biyar, gurmi da garaya da kukuma, da sunan Haruna Uji, ba za ta ci kuɗin taron siyasa guda ba. Alƙalan ma a ɗauko tsofaffin makaɗan da suka rage, tun suna da sauran ji.

Wanda ya san mai haɗa gurmi a yankinmu, ya faɗa min garin.