Tunkiyar Adar da shekarun fari

In ana tarihin Adar, sarakuna da yaƙe-yaƙe ake fara kawowa, kamar yadda malam Djibo Hamani ya bi diddiginsu a littafinsa. Ni kuwa tunkiya nike son mu duba, don ita ta riƙe gidaje da yawa tsakanin Tawa, Barmu, Kawo da Abalak a shekarun da hatsi ya ƙi. Abin da na fahimta daga bakin tsofaffi da ɗan karatuna shi ne, haihuwar tunkiya tun kafin rago ya hau ta ake shirya ta, kuma magabatanmu sun san lissafin.

Cikin tunkiya wata biyar ne. Wadda rago ya hau a Disamba, a Mayu za ta haihu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke wuce awo 40, ciyawa ta ƙare, rijiya ta yi nisa. Nono ba ya zuwa, ɗan ya mutu, wani lokaci har da uwar. Saboda haka Buzayen Azawak ke ɗaure gaban rago da igiya a watannin da ba su son barbara, su kwance shi wajen Fabrairu ko Maris, don ƴaƴan su faɗo cikin ɗanyar ciyawar Yuli da Agusta. Amma dabarar na da tsada: cikin zai ratsa bazara, kuma a makonni shida na ƙarshe ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa. Tunkiyar da ta rame a lokacin, ɓari take yi. Shi ma rago zafi na raunana ƙarfinsa, sai ya yi makonni kafin ya komo daidai.

To da mi ake ratsa bazarar? Kakata takan ce: "Gawo shi ne rumbun tunkiya." Gawo na kaɗe ganyensa da damana, ya yi kore da rani, ya zubo ƴaƴa lokacin da babu komi a ƙasa. Yara su tsinto, a adana. A haɗa da harawar wake da anka ɗaure bisa rufin ɗaki tun kaka, da dusa, da ɗan kanwa a ruwan sha. Ba duka garke ake ba ba, masu ciki da ragon barbara ake warewa. Kiwo kuma da asuba da maraice, tsakar rana a kwanta a inuwa.

Bayan itace, sai hanya. Da ruwa ya sauka, garke ya bar gonaki ya yi arewa, wasu har Ingal, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri, a yi taron da ake yi wajen Satumba. Da kaka a komo a ci kara, a bar taki a gona. Dokar Mayu 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, don a bar wa dabba fili. A zamanin ne kuma anka gina tashoshin famfo a Azawak. Ruwa ya samu, amma dabbobi sunka taru wuri guda, ciyawar kewaye ta riƙa ƙarewa da wuri.

Sai farin 1973 ya zo. Waɗanda sunka tsaya bakin famfo suna jiran sauƙi sun fi kowa asara, waɗanda sunka yi kudu da wuri sunka tsira da wani abu. Afirilun 1974 Seyni Kunce ya karɓi mulki, kuma yunwar na cikin dalilan da anka bayar. Shekara goma bayan haka ga 1984, wadda mutane sunka laƙaba wa El-Buhari, don a shekarar Najeriya ta rufe iyakarta. Hanyar kudu da ta ceci wasu a farko ta yi wuya a karo na biyu.

Bayan kowane fari, da ƙananan bisashe anka sake tashi. Saniya sai ta kai shekara uku ko huɗu kafin ta fara haihuwa, tunkiya kuwa ba ta kai biyu. Wanda ya sayar da raguna da tsofaffi da wuri, ya sayi dusa ya riƙe uwaye biyar, ya fi wanda ya riƙe hamsin har sunka faɗi. Wanda ya rasa duka kuma, Fulani na da habbanaye: a ba ka aron tunkiya, ta haihu a hannunka, ka riƙe ƴaƴan, ka maida uwar.

A 1984 ɗin ne anka fara aikin Keita da taimakon Italiya da FAO, mata da yawa sunka ɗauki dutse a ka don tare ruwa da dasa itace. Daga baya tassa da rabin wata sunka bazu wajen Illela da Badagishiri, fako ya sake fidda ciyawa. An yi dokar karkara a 1993, da dokar kiwo a 2010 wadda ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne. Amma ku je ku gani da idonku: gonaki sun ƙetare iyakar 1961, burtali ya ƙuntata, ana kwashe busasshiyar ciyawar daji a amalanke a kai kasuwar Tawa.

Abin da ya fi damuna shi ne layya. Kowace shekara dillalai na bin ƙauyuka, su ɗauke mafi kyawun bali-bali da uda da ara-ara, a bar wa garke ragon da ba wanda ya taya. Kuɗin na da daɗi a hannu, amma irin ne ke raguwa.

Mu ɗalibai ƴan Adar, kusan kowa a cikinmu da kuɗin tunkiyar uwarsa anka saya masa littafi. In mun koma gida hutu, mu tambayi tsofaffi wane wata suke kwance rago, gawo nawa ya rage a gona, ina burtalin garinmu ya bi a da. Mu rubuta tun masu sanin suna da rai.