Gidajen da Suka Rage a Gefen Dogo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Duk wanda aka haifa a Agege ya san dogo ne ya zaunar da mu a nan. Layin da Turawa suka shimfiɗa daga Ikko ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. A da fatake sai su yi watanni a hanya da jakuna, amma da jirgi ya zo, huhun goro cikin 'yan kwanaki ya isa Arewa. Kakanninmu suka sauka kusa da tasha, suna sayen goro a hannun manoman Yarbawa, su ɗaure, su loda. Shi ya sa tsofaffin gidajenmu suke manne da dogo: zauren baƙi, ɗakin ajiyar goro, ga masallaci a ƙofar gida. Ba fili suka rasa ba. A lokacin, kusa da jirgi shi ne kusa da abinci.

To, yau ga shi hanyar da ta kawo mu ta dawo tana neman ƙarin wuri. A 2017 aka fara gadar sama ta Pen Cinema, aka buɗe ta a Maris 2021. A Yunin shekarar aka buɗe sabon layin dogo na Ikko zuwa Badun, sai kuma jirgin cikin gari da ake kira Red Line a 2024. Ba ma musun amfaninsu. Wanda ya san cunkoson da ake yi a mahadar Pen Cinema a da, ai ba zai ƙi gadar nan ba.

Amma ana yawan maganar waɗanda aka rushe wa gida, ba a cika tuna waɗanda jan fenti ya tsaya a bangon maƙwabcinsu ba. Ranar da katafila ta wuce mu, mun yi hamdala, muka ɗauka mun tsira. Ashe da sauran aiki. Shekaru muka yi muna shaƙar ƙura, girgizar injuna ta tsattsaga bangaye. Da aka gama, titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan damina sai ya gangaro mana. Shagon da a da yake fuskantar masu wucewa, yanzu motocin ta sama suke bi. A masallacin da muke ja wa mutane salla, sahu huɗu na asuba ya koma biyu, don maƙwabta sun watse, wasu Ogun, wasu gida Arewa. Wanda aka rushe wa, ko ba komai yana da bakin neman diyya. Wanda ya rage fa, wa zai kai wa kuka?

Sannan sai dillalai suka fara sallama. Fili kusa da tasha ya yi tsada, gidan kuwa na magada ne, wani mutum ashirin ke da haƙƙi a ciki, ba a taɓa raba gadon ba. Ɗaya ya ce a sayar, ɗaya ya ce gidan ubansa ne. Wallahi, gidajen da muka rasa ta wannan hanya ba su da kaɗan, kuma babu katafilar da ta taɓa su.

Mu tuna abu biyu. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma idan aka karɓe don aikin jama'a, abin da ka gina ake dubawa wajen diyya. Na biyu, Maroko: a Yulin 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, cikin 'yan kwanaki aka share unguwa guda, duk da shekarun da mutane suka yi a cikinta. Daɗewa a wuri ba ta tsayawa mutum a gaban hukuma.

Kakanninmu da amana da shaidu suka sayi filayen nan, wani ma rasit ɗin ya ɓace tuni. Saboda haka, 'yan uwa, kowane gida a zauna tun dattawa na raye. A fitar da gado yadda shari'a ta ce, a rubuta, a nemi takardar mallaka. Wanda dole ta sa zai sayar da kasonsa, ya fara tallata wa ɗan uwansa da maƙwabcinsa kafin dillali ya ji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar mu da zumunci. Amin.