Jacques Plante: Mai Tsaron Gidan Da Ya Fi Ƙarfin Takunkuminsa

Masu bibiyar wasan hoki na ƙanƙara sun sha cin karo da wata magana da ake yawan maimaitawa a shafukan sada zumunta, wai Jacques Plante bai da wani abin a zo a gani in ban da takunkumin da ya rufe fuskarsa da shi, kuma wai kofunan da ya ci duk albarkacin taurarin ƙungiyar Montreal Canadiens ne. Wannan magana ba ta da tushe, kuma duk wanda ya bi tarihin mutumin daga farkonsa zai ga cewa takunkumin reshe ne kawai daga cikin rassan bishiyar da ya dasa, domin shi ne ya sauya yadda ake fahimtar aikin mai tsaron gida gaba ɗaya.

An haifi Plante ranar 17 ga Janairu, 1929 a lardin Kebek na ƙasar Kanada, ya tashi a garin Shawinigan, shi ne babba cikin 'ya'ya 11 na gidan da ba shi da wadata. Ciwon asma da ya kama shi tun yana yaro ya hana shi dogon gudu a kan ƙanƙara, abin da ya sa ya koma bakin raga, inda mahaifinsa ya haɗa masa kariyar ƙafa da buhunan dankali da ɓallin katako. Mahaifiyarsa kuwa ta koya masa saƙa, har ya girma yana saƙa hulunan sanyinsa da hannunsa, kuma wannan hula ce ta fara haɗa shi da kocinsa na farko a Montreal, Dick Irvin, wanda ya hana shi sa ta a fili. A wasannin kusa da na ƙarshe na Kofin Stanley na 1953, lokacin da Chicago ke gab da fitar da Montreal, Irvin ya ajiye mai tsaron gidansa Gerry McNeil ya sa wannan sabon yaro, shi kuwa ya kulle ragarsa aka tashi 3 da 0, ƙungiyar ta wuce har ta ɗauki kofin.

Kafin zuwansa, al'ada ita ce mai tsaron gida ya kafe a bakin raga ya jira abin da zai zo masa. Plante ne ya mai da fita bayan raga al'adarsa ta yau da kullum, yana tare faifan, wato dunƙulen robar nan mai tauri da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya ajiye wa 'yan bayansa. Yana ɗaga hannu ya sanar da su idan alƙalin wasa zai busa laifin cilla faifai daga nesa, yana kuma yi musu magana da ƙarfi a kan inda abokin hamayya yake, tunda shi kaɗai ne ke fuskantar filin baki ɗaya. Waɗannan abubuwa a yau kowane yaro mai koyon tsaron gida ya ɗauke su tamkar da su aka halicci wasan.

Daren da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Lahadi, 1 ga Nuwamba, 1959, a filin Madison Square Garden da ke New York. Domin a gane nauyin abin da ya faru, sai an tuna cewa faifan yana kai kimanin giram 170, ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya yi tsalle, kuma masu tsaron gida na wancan zamani suna fuskantarsa da fuska tsirara. Ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar NHL, kowace da mai tsaron gida ɗaya a fili, babu wani a benci da zai maye gurbinsa, saboda haka idan fuska ta tsage sai a dakatar da wasa, a ɗinke ta, mutum ya dawo. Shi kansa Plante ya taɓa karya ƙasusuwan kumatunsa biyu, ɗaya a 1954 ɗaya a 1955, duka a wajen atisaye, kuma tun daga nan yake sa abin rufe fuska idan ana atisayen. Wani ma'aikacin kamfanin zaren gilashi mai suna Bill Burchmore ne ya ɗauki siffar fuskarsa ya ƙera masa takunkumin da ke manne da fata, amma koci Toe Blake ya ƙi yarda a sa shi a wasa, yana ganin zai hana shi hangen faifan da ke ƙarƙashin ƙafafunsa.

Minti uku da fara wasa, Andy Bathgate na New York Rangers ya ɗaga faifan da bayan sandarsa, ya sami Plante a fuska, ya tsaga shi daga gefen baki zuwa hanci. Bathgate ya amsa da bakinsa bayan shekaru cewa da gangan ya nufi fuskar, domin ramuwar wata faɗuwa da Plante ya jawo masa. Aka fita da Plante jini na zuba, likita ya yi masa ɗinki bakwai, kuma a nan ne ya gaya wa Blake cewa ba zai koma ba sai da takunkuminsa. Blake, wanda bai da wani ƙwararren mai tsaron gida a hannu, ya haƙura ba don ransa ya so ba. Plante ya fito da farar fuskar da 'yan kallo ba su saba gani ba, rigarsa da tabon jini, ya tsare ragarsa har Montreal ta yi nasara da ci 3 da 1. Sharaɗin Blake shi ne a cire takunkumin da zarar rauni ya warke, sai dai ƙungiyar ta ci gaba da wasa ba a doke ta ba har jerin ya kai wasanni 18, kuma ba kocin da ke taɓa abin da ke kawo masa nasara. Sau ɗaya kawai Plante ya bi umarnin cire shi, ranar 8 ga Maris, 1960, Detroit ta lallasa su 3 da 0, daga nan takunkumin ya koma fuskarsa bai sake barinta ba. A ƙarshen wannan kaka Montreal ta ɗauki Kofin Stanley karo na biyar a jere, tarihin da har yau babu ƙungiyar da ta maimaita shi.

A nan ma akwai gyara ga masoyansa da ke wuce gona da iri, masu cewa shi ne mutum na farko da ya taɓa rufe fuska a raga. Clint Benedict na Montreal Maroons ya sa na fata a 1930 bayan bugun Howie Morenz ya fasa masa hanci, amma ya yar da shi bayan 'yan wasanni saboda yana tare masa gani. Kafin shi ma wata ɗaliba a Jami'ar Queen's, Elizabeth Graham, ta sa na masu wasan takobi a 1927. Bambancin Plante shi ne ya sa, aka kira shi matsoraci, ya ƙi cirewa, kuma ya ci gaba da cin kofi har bakin masu zagin ya mutu. Terry Sawchuk, wanda wasu ke fifitawa a kansa, sai da fuskarsa ta sha ɗinki kusan 400 a rayuwarsa ta wasa, shi ma ya bi sahu a 1962. Gump Worsley ya yi ta taurin kai har zuwa kakarsa ta ƙarshe, kuma Andy Brown ne ya rufe babin tsirarar fuska a NHL a watan Afrilun 1974.

Amsar masu cewa inuwar taurari ya sha tana cikin kakar 1961 zuwa 1962. Tauraron ƙungiyar Maurice Richard ya riga ya yi ritaya a 1960, an kuma tura Doug Harvey, ɗan bayan da ba shi da na biyu a zamaninsa, zuwa New York ta hanyar musaya, har mutane suka ce yanzu asirin Plante zai tonu. Sai ya tsare raga a dukan wasanni 70 na kakar, ya ci 42, ya ɗauki kyautar Vezina, wadda a lokacin ake ba mai tsaron gidan ƙungiyar da aka fi ƙarancin zura wa faifai, ya haɗa da kyautar Hart ta ɗan wasan da ya fi kowa amfani ga ƙungiyarsa. Babu mai tsaron gidan da ya sake samun Hart sai Dominik Hašek a 1997, bayan shekaru 35.

Zaman doya da manja tsakaninsa da Blake ya ƙare da musayarsa da Worsley a 1963, ya koma New York, ya ajiye wasa a 1965. A Disambar wannan shekara ya tsaya wa matasan Montreal a raga suka doke tawagar Tarayyar Sobiyet 2 da 1. Ya dawo a 1968 tare da St. Louis, ya raba Vezina ta bakwai da abokin tsaron gidansa Glenn Hall yana ɗan shekara 40, kuma a wasannin ƙarshe na Kofin Stanley na 1970 wani bugu ya fasa takunkuminsa ya sumar da shi, amma ya tashi da ransa. Ya wuce Toronto, sannan Boston, ya horar da Quebec Nordiques, ya yi kakarsa ta ƙarshe da Edmonton a 1975, a gefe guda kuma kamfaninsa na Fibrosport yana ƙera takunkumi ga sauran masu tsaron gida. An shigar da shi zauren gwarazan hoki a 1978, ciwon daji na ciki ya yi ajalinsa a Janiba ranar 27 ga Fabrairu, 1986, Montreal kuma ta jingine lambarsa ta 1 a 1995.

Kofin Stanley shida, Vezina bakwai, Hart ɗaya da wasanni 82 ba tare da an zura masa ko ɗaya ba, ba kayan aro ba ne. Duk mai son yanke hukunci a kan Jacques Plante ya fara duba waɗannan alƙaluma tukuna, sannan ya dubi fuskar kowane mai tsaron gida da ke shiga fili a yau, domin ko da bai taɓa sa takunkumi ba, da sunansa yana sahun farko na waɗanda suka taɓa tsayawa a bakin raga.