Wa Ke Riƙe da Linzamin Laftof Ɗinka? Tarihin Rage Gudun Furosesa

Kana cikin aiki da laftof, aka ɗauke wuta, nan take allo ya dusashe, na'urar ta fara jan ƙafa. Ko kuma da tsakar rana a watan Afrilu, fanka na ta gurnani, ƙasan na'urar ya ɗau zafi, shafin da ke buɗewa nan da nan ya koma sai ka jira. Da yawa sai su ce bairos ne, ko kuma ta tsufa, a tafi kasuwa a sayo wata. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Da gangan take rage gudu, kuma wannan ɗabi'a tana da tarihin fiye da shekara 30.

Bari mu fara da dalili. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma tana aiki ne da bugun wani agogo. Megahaz ɗaya na nufin bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa, gigahaz ɗaya kuwa bugu biliyan ɗaya. A kowane bugu, ƙananan makunnai da ake kira taransisto suna kunnuwa suna mutuwa, suna cin wuta, wutar kuma daga ƙarshe zafi take zama. Yawan wutar ya danganta da gudun agogo, da kuma ƙarfin lantarkin da ake turawa, wato boltej, idan aka ninka shi sau kansa. To ga inda ribar take: idan aka rage gudu da kashi 20 cikin 100, aka rage boltej da kashi 20 shi ma, wutar da ake ci takan ragu da kusan rabi. Duk dabarun da za ka gani a ƙasa a kan wannan lissafi suka tsaya.

Da farko linzamin a yatsan mai kwamfuta yake. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudun megahaz 4.77, kuma an rubuta wasanni da yawa da suka dogara da wannan gudun. Da na'urori masu sauri suka fito, wasannin suka riƙa gudu fiye da yadda ɗan Adam zai iya bi. Sai aka sa wani maɓalli a gaban akwatin kwamfutar tebur mai suna Turbo. Duk da sunansa, amfaninsa na gaske shi ne ba ka damar rage gudun.

Zuwan laftof ya kawo wata damuwar, wato batir. A 1990 kamfanin Intel ya fitar da 386SL, furosesa da aka ƙera musamman don na'urorin da ake yawo da su. A 1992 Intel da Microsoft suka fito da tsarin APM, wanda ya danƙa linzamin ga BIOS, ƙaramar manhajar da ke tashin kwamfuta. Matsalar BIOS ita ce ba ta san abin da manhajojinka ke yi ba, hasashe take yi daga taɓa madannai da motsin ma'ajiyar bayanai. Shi ya sa a ƙarshen 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka kawo ACPI, wanda ya mayar da iko hannun babbar manhaja irin su Windows da Linux. Har yau da shi ake aiki.

Shekarar 2000 ce ta kawo sauya gudu da boltej tare a laftof ɗin kasuwa. Intel ya fitar da SpeedStep: Pentium III mai gudun megahaz 650 takan sauka zuwa 500 da zarar an zare caja. AMD ya fito da PowerNow!, wani ƙaramin kamfani kuma mai suna Transmeta, inda Linus Torvalds mai Linux ya yi aiki, ya zo da LongRun.

A ɓangaren kwamfutar tebur kuwa tseren gudu ake yi ba ji ba gani. Tun 1974 Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa idan taransisto ya ƙanƙance, ana iya rage masa boltej, don haka ana iya ƙara gudu ba tare da zafi ya ƙaru ba. Wannan ka'ida ta yi aiki kusan shekara 30, har Intel ya yi hasashen tsarin Pentium 4 zai kai gigahaz 10. Amma da taransisto ya yi ƙanƙanta sosai, sai wuta ta fara yoyo ta jikinsa ko yana kashe, boltej kuma ya ƙi raguwa kamar da. A 2004 Intel ya soke Pentium 4 mai gigahaz 4, na kasuwa ya tsaya a 3.8. A cikin wannan furosesa akwai ma'aunin zafi da ke sa ta tsallake wasu bugun agogo idan ta kusa ƙonewa.

Mafita ta fito ne daga laftof. Injiniyoyin Intel a Haifa ta Isra'ila sun ƙera Pentium M, wadda ta fito a 2003, mai ƙarancin gudu amma mai yin aiki da yawa a kowane bugu. Daga tsatsonta aka samu jerin Core a 2006. Aka daina dogaro da ƙwaƙwalwa ɗaya mai tsananin gudu, aka koma haɗa biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya.

Daga nan linzamin ya sake matsawa. Turbo Boost na 2008 ya ba furosesa damar wuce gudunta na asali na ɗan lokaci, muddin zafi da wuta sun bari. Speed Shift na 2015 ya sa ita da kanta ke zaɓar gudunta, da sauri fiye da yadda Windows za ta iya. Shi ya sa kake ganin lambobi biyu a tallar laftof. Babbar lambar alkawari ce mai sharaɗi. A Yulin 2018 masu amfani da sabuwar MacBook Pro suka gano tana rage gudu fiye da kima idan aiki ya yi nauyi, har Apple ya nemi afuwa ya fitar da gyaran manhaja.

To ina ruwanka da duk wannan? Idan laftof ɗinka ta yi sanyin jiki, duba abubuwa uku kafin ka kashe kuɗi. Na farko, saitin wuta: a Windows, yanayin adana batir yana rage gudu da gangan, kuma kana iya sauya shi. Na biyu, zafi. Yawancin furosesar laftof na taka birki idan ta doshi digiri 100. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, iskar da fanka ke jawowa ma da ɗuminta take zuwa, ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙofofin iska. Daina ɗora ta a kan katifa, a busa mata ƙura, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kwashe zafi idan ya bushe. Na uku, caja: wasu na'urori na rage gudu idan cajar ba ta da isasshen ƙarfi ko ba su gane ta ba.

Idan kuma wani mai gyara ya ce zai kashe maka tsarin kariyar zafi gaba ɗaya don ta ƙara sauri, ka ce masa a'a. Wannan birkin ne ke hana furosesa da batir lalacewa. Ka nemi ya buɗe ta ya share fanka tukuna, sannan ku sake gwadawa.