Malam Umaru Altine: Falken Shanun Da Ya Zama Magajin Garin Inugu Na Farko

 Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Da yawanmu mun riƙe wannan magana tamkar doka: mu zo, mu yi ciniki, mu tara abin da Allah Ya hore, mu bar sha'anin gari ga masu gari. To, akwai wani mutumin ƙasar Sakkwato, ɗan kasuwa irinmu, wanda ya ƙi zaman raɓa. Shi ne Malam Umaru Altine, Bafillatanin da ya zama Magajin Garin Inugu na farko tun Turawa na mulki.

Sai mun san yadda Inugu ta kafu kafin mu gane yadda haka ta yiwu. A 1909 aka gano kwal a tuddan Udi, aka fara haƙa a 1915, a 1916 kuma layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Bayan an gama gadar Makurɗi a 1932, sai jirgi ya riƙa ratsa Binuwai kai tsaye daga Kaduna zuwa Gabas. Leburori suka zo, akawuna suka zo, fatake suka biyo baya. Ƙudan tsando ya hana kiwon shanu sosai a can, ga shi kuma mutane na son nama, saboda haka shanunmu na Arewa suka samu kasuwa. Wannan fatauci shi ya zaunar da Umaru Altine a Inugu, garin da a 1939 ya zama hedkwatar lardunan Gabas.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne bai tsaya a kara da zango kaɗai ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC, wadda Herbert Macaulay da Dokta Nnamdi Azikiwe suka kafa a 1944, har ya shugabanci reshen matasanta na Inugu. Ba lokacin wasa ba ne kuwa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan Turawa suka harbe leburorin kwal 21 a mahaƙar Iva Valley saboda rigimar albashi, gari ya yi zafi, siyasa ta koma ta gwagwarmaya. Duk wanda ya shiga ciki a shekarun nan ya san yana iya rasa dukiyarsa ko 'yancinsa. Baƙo mai shanu a kara ya fi kowa abin rasawa, amma Altine ya shiga.

Wani abu kuma ya buɗe masa hanya. A wancan lokacin, a nan Arewa mulkin gari yana hannun En'e, wato Sarki da majalisarsa. A Gabas kuwa, dokar ƙananan hukumomi ta 1950 ta kawo majalisu na zaɓe irin na Ingila, inda mai biyan haraji ke jefa ƙuri'a. Da aka ɗaga darajar Inugu zuwa birni mai cin gashin kansa a 1956, Umaru Altine aka zaɓa Magajin Gari, ya riƙe har 1958. Kada mu ɗauka sarauta ce irin ta Magajin Garin Sakkwato. Babu naɗi, babu gado. Shugabancin majalisar birni ne, aikinta kuwa shi ne wanda muka sani: rumfunan kasuwa, tashar mota, kwata, shara, magudanan ruwa da karɓar haraji. Kowane ɗan kasuwa ya san rabon rumfa kaɗai ya isa ya raba ɗa da uba. A ce mutanen gari sun danƙa wa baƙo wannan amana, ai ba ƙaramin abu ba ne. Kuma mu lura, 'yan Arewan da ke Inugu 'yan kaɗan ne, yawansu bai isa ya ɗora kowa kan kujera ba. Goyon bayan Ibo ne ya kai shi.

Ba a Nijeriya kaɗai aka taɓa ganin haka ba. A Karaci ta ƙasar Sindh, wadda yanzu ke cikin Pakistan, da aka kafa kujerar Magajin Gari a 1933, wanda ya fara hawa shi ne Jamshed Nusserwanjee Mehta, ɗan ƙabilar Farsi, alhali kuwa su 'yan tsiraru ne tsakanin Musulmi da Hindu. Garin da kasuwa da sufuri suka gina yakan tambayi mutum abin da zai iya kafin ya tambaye shi sunan kakansa.

Hanyar ma ba ɓari ɗaya ta bi ba. Shi kansa Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, nan cikin jiharmu ta Neja, da Hausa kuma ya tashi a bakinsa. Lauya na farko daga Jihar Arewa, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq, ɗan mutanen Ilori ne da aka haifa a Anaca a 1927. Ya zama lauya a Ingila a 1955, ya dawo ya yi wa NPC aikin ba da shawara kan shari'a. Kun ga ke nan, ɗan Gabas ya tashi a Arewa, ɗan Arewa ya tashi a Gabas, kowa ya amfani jama'a.

Shekara 8 kacal bayan saukar Altine abubuwa suka lalace. Juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya suka sa Ibo barin Arewa, mutanenmu kuma suka baro Gabas. Aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Inugun da Bafillatani ya shugabanta ita ta zama hedkwatar Biyafara. Tun daga nan amana ba ta koma yadda take ba. Yau sai ka ga mutum an haife shi a gari, an haifi ubansa a garin, amma in ya nemi takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma don makaranta ko aiki, a ce ya koma garinsu.

To, mu fa? Kontagorar da muke zaune cikinta, Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa ta a 1864 cikin ƙasar Kambari, shi ma daga Sakkwato ya taso. Gari ne da zuwa ya gina. Saboda haka tarihin Altine yana binmu bashi biyu. Na farko, mu daina noƙewa: mu yi rajistar zaɓe a inda muke, mu biya kuɗin rumfa mu karɓi rasit, mu halarci taron unguwa da na makarantar 'ya'yanmu, mu sa hannu a gyaran rijiya da kwalbati. Wanda bai ɗauki kayan gari ba, da wuya a kira shi ranar rabo. Na biyu ya fi nauyi. In Bayarabe ko Ibo da ya shekara 30 a kasuwarmu ya nemi kujera a ƙungiyar 'yan kasuwa, za mu iya yi masa abin da mutanen Inugu suka yi wa namu a 1956?

Allah Ya jiƙan Malam Umaru Altine, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.