DAGA DODON BANGO ZUWA NARUTO

Makon jiya na je gida Gude gaisuwa, na tarar da rigima a gidan Yayana. Ɗansa na biyu, yaro ɗan shekara 15, ya cika littattafan rubutu huɗu da zanen mutanen katun ɗin Japan, masu manyan idanun nan da gashi tsaye cirko-cirko, abin da yaran yanzu ke kira anime. Yaya ya gani, ya tattara su ya cusa a murhu. Ko da na iso toka ce ta rage, yaron kuma yana bayan rumbu a zaune, ya ƙi cin komai tun safe.

Har da ni a cikin laifin. Ni na ba shi tsohuwar wayata da ƙaramar Sallah, ni kuma na sayo masa fensiran kala da na ga hannunsa ya faɗa. Shi ya sa Yaya ya tare ni tun daga zaure: "Kai ka kawo mini wannan shirmen gida. Yaro ba karatu ba gona, sai zanen aljanu!"

Ban yi musu ba, na gaba na gaba ne. Amma tun daga Gude har motarmu ta shigo Kabuga abu ɗaya nake juyawa a raina: wannan wutar fa ba yau aka fara hura ta a ƙasar Kano ba. Ku ba ni aron lokacinku kaɗan.

Lokacin da silima ta zo Kano, ana buɗe Rex a 1937, sunan da mutane suka laƙaba mata shi ne dodon bango. Ɗan mutunci ba ya zuwa. Da gobara ta tashi a silimar El-Duniya a 1951 ta ci rayuka sama da 300, da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukunci kan masu zuwa kallo. Duk da haka ba a daina zuwa ba. Gidajen silima ƙaruwa ma suka yi: Palace, Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba. Finafinan Indiya suka shiga jinin samarin Kano har suka raɗa wa jaruman sunayen Hausa. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Mutum bai san kalma goma ta Indiyanci ba, amma zai ba ka labarin fim daga farko har ƙarshe, har da abin da bos ya ce kafin ya mutu.

Mu namu zamanin na Chainis ne. Gidan bidiyo da janareto, benci da tabarma, Bruce Lee da Jackie Chan. A fito daga kallo a tafi bayan gari ana ta harbin iska da ƙafa, wani ya gurɗe, wani ya fasa baki, a koma gida a sha bulala a kan ciwon. Wanda ya taɓa hutu a birni kuwa shi ne gwani, don ya ga Voltron a NTA, zakunan ƙarfen nan biyar da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya. Sai da na girma na san cewa Voltron ɗin ma asalinsa katun ɗin Japan ne, Amurkawa suka yi masa kwaskwarima a 1984. Ashe mu ma 'yan anime ne ba mu sani ba!

Sai littattafan soyayya. Daga ƙarshen shekarun 1980 matasan Kano suka fara rubuta nasu suna bugawa da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna. 'Yan mata na haya a shago, ana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ko cikin littafin lissafi. Aka kira su adabin kasuwa, aka ce su ke lalata tarbiyya. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, har tara irin waɗannan littattafai aka yi aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano. To yau fa? Littafin Balaraba an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Gidan Dabino ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa, MON, a 2014. A jami'o'inmu digiri ake yi a kan littattafan da aka taɓa dukan yara saboda su.

Su kuma yaran da aka daka saboda kallon Indiya, su ne suka girma suka yi Turmin Danya a 1990, daga nan masana'antar Kannywood ta tashi. Kowa ya san tana da nata matsalolin, shi ya sa ma aka kafa hukumar tace finafinai a 2001. Amma bakin mutum nawa take ciyarwa yau? Daga baya irin su Algaita suka zo suka sa Indiyawan kansu suna magana da Hausa, har tsohuwa a Gude tana bin labari ba tafinta.

In muka ƙara komawa baya, aro ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda muke alfahari da ita, labaranta da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai ya ɗebo su, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa gwarzon tatsuniyar Rashawa ne. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da ya yi yawo a sararin samaniya. Waɗannan a aji aka karantar da mu su. Su ma Japanawan haka suke yi. Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024, da ya fara Dragon Ball a 1984 daga tsohon labarin Sinawa na sarkin birai ya aro jaruminsa.

Abin da na fahimta daga wannan tarihin shi ne, wuta ba ta taɓa raba yaro da abin da yake so ba. Ɓoyo kawai take koya masa. Abin da ya taɓa yi mana amfani shi ne lokacin da wani namu ya karɓi baƙon abin, ya zubar da dusar, ya tuƙa mana tuwo da garin.

Kada kuma a ce na wanke anime tas. Tsoron Yaya yana da tushe, kuma ya fi na iyayenmu tushe. Mu a gidan bidiyo muke kallo, mutum hamsin a ɗaki ɗaya, fim ya ƙare a watse. Yaron yanzu zuwa yake wajen masu turi a cika masa memori, ya shige ɗaki shi kaɗai da waya har asuba. Naruto kaɗai, tsohon da sabon, ya haura kashi 700. Yaushe za a yi hadda, yaushe za a yi aikin gida? Sannan ba kowane katun ne na yara ba. A Japan akwai wanda don manya aka yi shi, akwai tsiraici, akwai zubar da jini, akwai labaran gumaka da suka ci karo da aƙidarmu. Uban da ya ga zane ya ce ai wasan yara ne ya kau da kai, shi ma ya yi sakaci. Batun hukuncin zana abu mai rai kuwa na malamai ne, ni ban isa in tsoma baki ba.

Amma ku duba yadda wasu suka ɓullo wa abin. Larabawa sun shafe shekaru suna fassara katun ɗin Japan da Larabci suna tacewa, duk wanda ya taso da dish a gida ya san Spacetoon. A 2021 wani kamfanin Saudiyya, Manga Productions, ya haɗa kai da Toei, masu yin Dragon Ball da One Piece, suka fitar da fim a kan Abraha da rundunar giwaye. Da salon Japan suka ba da labarinsu. Mu ina namu? Ga Bayajidda, ga Sarauniya Amina, ga Barbushe da Dala, ga Gizo da Ƙoƙi. Wa zai zana su in duk yaron da hannunsa ya faɗa mun ƙone masa littafi? Ko ba mutane zai zana ba, wannan hannun shi ne na zanen hula, na zayyana, na taswirar gini, na tambarin kamfani. Sana'a ce.

Da dare na kira Yaya. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, don Allah in tambaye ka. Wane ne Baba ya ɗaure a turken jaki saboda ya saci keke ya tafi Gwarzo kallon Indiya?" Shiru ya yi. Can sai na ji dariya, ya ce, "Kai dai ba ka da kunya." Har yau fa abokansa na ƙuruciya Sarkin Ƙarfi suke ce masa a kasuwa, yaran gidan ba su san dalili ba.

Ba mu gama daidaitawa ba, amma mun rage. Waya za ta riƙa kwana a wajen mahaifiyarsa. Ba kallo sai an dawo daga gona an yi karatun dare. Duk abin da za a tura masa sai na gani. Maganar zane kuma Yaya ya ce sai ya ji ta bakin liman, na ce na yarda. Ni kuma na aika wa yaron Iliya Ɗan Maiƙarfi da Tauraruwa Mai Wutsiya. Shekaranjiya ya kira ni, muryarsa ta dawo: "Baffa, ashe mu ma muna da irin wannan?"

Wannan tambayar ita ta sa ni wannan dogon rubutu. Shekara 15 yana gidanmu, ya san sunan kowane ƙauye a duniyar Naruto, bai taɓa jin Iliya ba. Wannan ba laifin Japan ba ne.

Iyaye da yayye da ke nan, kafin ku ƙwace ko ku ƙone, ku zauna ku kalli kashi ɗaya tare da yaron, ku tambaye shi me ya burge shi. Kuma kowa ya tuna abin da aka taɓa dukansa a kai. Ni dai Chainis ne. Kai fa?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu.