Fari da Tsirrai a Wusasa da Kewayen Zariya

Wusasa gari ne a wajen ganuwar birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, a Jihar Kaduna. Ya bunƙasa ne tun daga 1929, lokacin da 'yan mishan na CMS suka koma can daga cikin birni. Gonaki da fadamu ne suka kewaye shi, saboda haka bunƙasar tsirrai da yawan amfanin gona a yankin sun rataya ne a kan yadda ruwan sama yake zuwa.

Yanayi

Ƙasar Zazzau tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara. Kusan dukkansa yana sauka ne daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta, lokacin marka. Daga Nuwamba hunturu kan shigo da busasshiyar iska, sai bazara ta biyo da tsananin zafi a Maris da Afrilu. Wannan dogon rani abu ne na kowace shekara, kuma tsirran daji sun saba da shi. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne farin da kan faɗo a cikin damina: ruwa ya makara, ko ya ɗauke mako biyu ko uku bayan shuka, ko ya yanke tun hatsi bai nuna ba. Ana iya samun shekarar da jimillar ruwanta ba ta gaza ba, amma rumbu bai cika ba, domin ruwan ya tsaya a lokacin da shuka ta fi bukatarsa.

Yadda fari ke taɓa shuka

Idan danshi ya ragu, shuka kan rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyenta don kada ruwa ya fita. Ta waɗannan ƙofofi ne kuma take shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita, don haka girmanta yakan tsaya. Alamar farko a gonar masara ita ce ganye ya nannaɗe da tsakar rana. Idan ya warware da yamma, da sauran danshi a ƙasa. Idan aka wayi gari yana nan a nannaɗe, saiwa ta rasa abin sha. Ƙasar tudu ta Zariya mai laushi ce, takan yi ɓawo idan rana ta buge ta bayan ruwa, sai tsiro ya kasa fasowa, ruwan da ya biyo baya kuma ya gangare maimakon ya shige.

Girman asara ya danganta da lokaci. Farin farkon damina yakan kashe tsiro, a sake shuka, a yi asarar iri. Wanda ya zo sa'ad da masara ke goyo da fitar da gemu ya fi muni, domin zangarniya kan fito da giɓi ko babu ƙwaya sam. Dawa takan dakata da girma ta jira ruwa, amma farafara mai dogon kwana tana bukatar danshin ƙarshen damina kafin ta cika ido. Gero da wake sun fi jurewa. Gyaɗa kuwa ba ta iya kafa 'ya'ya idan ƙasa ta yi tauri.

Itatuwa da ciyawa

Kuka takan zubar da ganye ta rayu da ruwan da ta tara a jikinta. Ɗorawa da kaɗanya, masu zurfin saiwa, suna fure tun da rani. Gawo ya saɓa wa sauran: yana kore da rani, ya kaɗe da damina, shi ya sa makiyaya ke sassabe shi ga dabbobi. Kyasuwa takan mutu ta bar iri, gamba kuma ta bushe ta sama, tushenta ya toho da ruwan farko. Busasshiyar ciyawa ba ta da amfani sosai a jiki, abin da ke sa shanu ramewa kafin damina, harawa da ƙaiƙayi su yi tsada.

Manyan fari

Farin 1913 ya jawo yunwar da ake kira Kakalaba a 1914. Na 1972 zuwa 1974 ya fi tsanani a Kano, Katsina, Sakkwato da Nijar, ya kuma koro makiyaya kudu zuwa ƙasar Zazzau. Cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 ta zo a bayansa, daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. An sake yin wani farin a 1983 da 1984.

Matakan kariya

Manoma kan haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya, domin idan ɗaya ya faɗi wani ya tsira. Suna kuma zuba taki don ƙasa ta riƙe danshi, su yi noman rani a fadamun Galma da Kubanni. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da irin masara, dawa, wake da gyaɗa masu saurin nuna da jure fari, waɗanda sunayensu ke farawa da SAM. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuwa tana aiki ne a kan ciyawar kiwo da abincin dabbobi na rani.